Me Ya Sa Ƙashin Ya Karye? Lacca Kan Awon Ƙarfin Ƙashi

 

An nemi in yi magana a kan wani gwaji da ake yi a asibiti don auna ƙarfin ƙashin mutum. Da yawa a cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba, waɗanda suka ji kuma suna ɗaukarsa abin masu hannu da shuni ne. Kafin in kai ga na'urar da ake gwajin da ita, bari in fara da abin da kowa a nan ya sani, wato karaya.

Saurayi ya faɗo daga kan babur a guje, ko magini ya rikito daga kan bene, ƙafa ta karye. Wannan babu abin tambaya a ciki, ƙarfi ne ya gamu da ƙarfi. Amma dattijuwa ta fito alwalar asuba, santsi ya kwashe ta a bakin makewayi, ta dafa ƙasa, tsintsiyar hannu ta karye. Ko tsoho ya zame daga bakin gado ya kasa tashi, a je asibiti a tarar ƙashin kwatangwalo ya rabu. Irin faɗuwar nan jikansa yana yinta kullum, ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ci gaba da wasa. Mu kuwa sai mu ce tsautsayi ne, mu ce girma ne ya zo. A kai wurin mai ɗori ko asibiti, a ɗaure, a yi jinya, in an warke a yi barka. Ba wanda zai tsaya ya ce, shin me ya sa ƙashin ya karye a kan wannan 'yar faɗuwa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Ƙa'idar likitoci ita ce, duk wanda ya haura shekara 50 ya karye saboda faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, ƙashinsa ne abin tuhuma har sai an bincika. Wannan tambayar da ba ma yi, ita ce awon ƙarfin ƙashi ya zo ya amsa.

Muna ganin ƙashi bayan an cinye nama, busasshe, sai mu zaci haka yake a jiki. Ƙashin mai rai yana da jini da jijiyoyi, kuma aiki ake yi a cikinsa dare da rana. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai masu bin bayansu suna cike gurbin da sabo. A shekara guda ana sabunta wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi. Ku ɗauki gidan ƙasa: damina tana zaizaye katanga, rani ya zo a yi mata yaɓe. Muddin yaɓen yana cike abin da ruwa ya ci, katanga tana nan da kaurinta. Shekarar da aka fara yin yaɓe rabi da rabi, ba ranar za ta faɗi ba, sai dai ta yi ta sirancewa har wata 'yar iska ta kayar da ita. A ƙuruciya yaɓe ya fi zaizaya yawa, ƙashi yana ta cika har wajen shekara 30. Daga nan a yi kunnen doki na wani lokaci, sannan zaizaya ta fara rinjaye. Idan rinjayen ya yi yawa har ƙashi ya zama mai saurin karyewa, shi ne ciwon da nake kira zaizayar ƙashi.

Iyayena mata, ku abin ya fi shafa, kuma akwai dalili. Sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa shi ke taka wa masu kankarar nan burki. Da jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin ya yi ƙasa, sai kankara ta yi gaba, cikewa ta kasa cim mata. Mace tana iya rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙashinta a shekaru 5 na farko bayan ɗaukewar al'ada. Wani likita a birnin Boston na Amurka, Fuller Albright, shi ya fara bayyana wannan alaƙa a farkon shekarun 1940, da ya lura yawancin masu karayar ƙashin baya da ke zuwa wurinsa matan da suka daina al'ada ne. Maza ma ba su tsira ba, nasu dai a hankali yake tafiya. Gidauniyar duniya mai kula da wannan ciwo, wadda ke jagorantar ranar tunawa da shi kowace 20 ga Oktoba, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 na waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya.

Abin da ya sa ciwon ke yi mana shigar sauri shi ne ba ya zafi. Kada a haɗa shi da abin da muke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, wanda ke hana tsofaffi durƙusawa, gwiwa ta yi ta ƙara. Wancan a gaɓa yake, kuma yana sanar da kansa. Zaizayar ƙashi shiru take yi sai ranar karaya. Wata karayar ma ba a sanin an yi ta. Ƙasusuwan gadon baya sukan lotsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci a garin ɗaga bokitin ruwa ko tari mai ƙarfi, kuma wajen 2 cikin 3 na irin wannan karaya ba sa zuwa gaban likita. Sai dai a ga Hajiya tana raguwa a tsayi, baya yana rankwafawa, zani yana jan ƙasa. Mu ce tsufa. Sau da yawa karaya ce a jere. Mafi muni kuwa ita ce ta kwatangwalo. Ko a ƙasashen da ake yin tiyata da wuri, tsakanin mutum 20 da 24 cikin 100 ba sa cika shekara bayan ta. Ba ƙashin ne ke kashe su ba, doguwar kwanciya ce: ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya, gyambon kwanciya. Da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya da ƙafarsu kamar da.

Na san wani zai ce an daɗe ana faɗin baƙar fata ƙashinsa ƙarfi gare shi, wannan ciwon Turawa ne. Maganar tana da asali. A 1968 wani likitan ƙashi a Johannesburg, Louis Solomon, ya wallafa cewa karayar kwatangwalo ba ta da yawa a tsakanin baƙaƙen Afirka ta Kudu. A 1996 kuma masu bincike a Gambiya suka tarar tsofaffin matan karkara ƙashinsu bai cika ba, amma karaya ba ta yawaita a cikinsu ba. Sai dai matan nan masu noma ne, masu daka da ɗaukar kaya da doguwar tafiya har cikin tsufa, cinyoyinsu da ƙarfi, ba su cika faɗuwa ba. Yau fa? Mutane sun fi daɗewa a duniya, zama ya yi yawa, ciwon sukari ya shigo, magunguna masu cin ƙashi suna ko'ina. Ƙidayar da aka sake yi a Afirka ta Kudu a 'yan shekarun nan ta nuna karayar kwatangwalo a tsakanin baƙaƙe ta ɗara abin da Solomon ya gani nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya a babban asibiti ya ga tsofaffin da ke kwance a can, ba ya bukatar a rantse masa.

To, me ya hana a yi hoton eksire na yau da kullum a gane? Domin hoton nan ba ya nuna zaizaya sai ƙashi ya rasa wajen kashi 30 cikin 100 na ma'adininsa, lokacin an yi nisa. Shi ya sa aka nemi hanyar awo. John Cameron da James Sorenson na Jami'ar Wisconsin suka fito da ta farko a 1963, suna auna ƙashin hannu. Na'urar da ake amfani da ita yanzu, mai suna DXA, kamfanin Hologic ya fara fitar da ita kasuwa a 1987. Tana harba hasken eksire iri biyu, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Tsoka da kitse suna tare hasken ta wata fuska, ƙashi yana tare shi ta wata fuska daban. Kwamfuta ta kwatanta biyun, ta cire rabon tsoka da kitse, abin da ya rage shi ne yawan ma'adinin da ke cikin ƙashi, a giram kan kowace murabba'in santimita.

Yanzu bari in shiga da ku ɗakin, domin tsoron abin da ba a sani ba ya hana mutane da yawa zuwa. Ba a hana ki cin abinci, ki karya kumallo yadda kika saba. Abin da za ki bari shi ne ƙwayar kalsiyam, tun awa 24 kafin awon, don wadda ba ta gama narkewa ba tana iya fitowa a hoton ta ɓata lissafi. Ba allura, ba ɗibar jini, ba a tura mutum cikin rami kamar na'urar MRI. Gado ne shimfiɗaɗɗe a buɗe, da wani hannu na ƙarfe da ke wucewa a hankali ta samanki ba tare da ya taɓa ki ba. Yawanci ma ba a tuɓe kaya, in dai babu ƙarfe a jikinsu. Don haka ki sa doguwar riga mai laushi, marar zif, marar duwatsun ado. Leshi mai ƙyalƙyali a bar shi a gida, rigar mama mai maƙalin ƙarfe ma haka. Jigida kuwa dole a cire, domin daidai inda take zama nan ake aunawa. Alhaji, kai ma ka kwance bel, ka fitar da makullai da waya daga aljihu, in akwai wani abu da ka ɗaura a ƙugu ka cire shi. Wadda take son mace ce ta yi mata, ta faɗa tun wurin karɓar kati, ba abin kunya ba ne.

Za a fara da auna tsayi da nauyi, a yi miki 'yan tambayoyi. Sannan ki kwanta rigingine. In za a auna ƙashin baya, sai a ɗora ƙafafunki a kan wani matashi mai tudu don gadon baya ya kwanta sosai, a auna ƙasusuwa huɗu na wajen kwankwaso. In an zo kwatangwalo, sai a miƙe ƙafar, a ɗan juya tafin zuwa ciki a ɗaure shi da maɗauri, don wuyan ƙashin cinya ya fito fili. Wannan wuyan yana cikin wuraren da suka fi karyewa. Idan an taɓa sa ƙarfe a kwatangwalo ko a baya, ko nauyin mutum ya fi ƙarfin gadon, sai a auna ƙashin hannu. Aikinki ɗaya ne, ki kwanta shiru kada ki motsa. Cikin minti 10 zuwa 20 an gama, ki tashi ki koma harkarki.

Ana yawan tambaya ko hasken yana cutarwa. Abin da ke shiga jiki bai kai kashi 1 cikin 10 na hoton ƙirji ba, kusan daidai yake da abin da kowannenmu ke samu daga ƙasa da sararin sama a yini guda. Duk da haka mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa, ba a yi mata. Wanda aka ba shi farin ruwan nan na hoton hanji, ko aka yi masa allurar hoto ta CT kwanan nan, shi ma ya faɗa, akan jinkirta masa kwana 10 zuwa 14.

Sai takardar sakamako, kuma a nan nake so mu daɗe, don a nan ake rikicewa. Za ku ga lambobi da yawa, amma wadda ake fara dubawa ita ce makin T. Ana kwatanta ƙashinki da na matashiya lafiyayya wadda ƙashinta ya gama cika. In kun yi daidai, makin sifiri ne. In naki ya gaza, sai a sa alamar ɗebewa a gaban lambar, kuma yadda lambar ke girma bayan alamar, haka raunin ke ƙaruwa: -3 ya fi -1 muni. A 1994 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙarƙashin Farfesa John Kanis ya shata iyakoki. Daga -1 zuwa sama lafiya lau. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya ragu amma bai kai ciwo ba. Daga -2.5 zuwa ƙasa, zaizayar ƙashi ce. Kowane maki ɗaya da aka sauka, haɗarin karaya yana kusan ninkawa. Wannan rabon na matan da suka daina al'ada ne da maza masu shekara 50 zuwa sama. Yara da matasa da makin Z ake duba su, wanda ke kwatanta mutum da tsararsa. In ya kai -2 ko ƙasa, sai a shiga neman abin da ke cin ƙashin, don shekaru ba su isa su zama dalili ba.

Amma ina roƙonku kada ku mayar da lambar nan hukunci. Mutane biyu za su fito da takarda, ɗaya -2.6, ɗaya -2.3, ta farko ta tafi gida da kuka, ta biyu da murna, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Iyakar -2.5 mutane ne suka zana ta don a sami ma'auni ɗaya, ƙashi bai san da ita ba. Hasali ma fiye da rabin masu irin wannan karaya makinsu bai kai -2.5 ba, saboda waɗanda ke rukunin tsakiya sun fi yawa a cikin jama'a. Mace mai shekara 52 da maki -2.5, wadda ba ta taɓa karyewa ba, tana tafiyarta garau, ta fi kwanciyar hankali a kan mai shekara 78 da maki -2, wadda idonta ya yi yana, ta faɗi sau biyu bana, mahaifiyarta kuma karayar kwatangwalo ce ta kwantar da ita. Saboda haka ne a 2008 aka fito da wani lissafi a Jami'ar Sheffield ta Ingila mai suna FRAX, wanda ke haɗa shekaru da nauyi da tarihin karaya da shan taba da magunguna, ya faɗi yiwuwar karaya cikin shekaru 10 masu zuwa. Likitan kirki mutumin yake karantawa tare da takardar.

Na'urar ma tana da inda take yin kuskure. Tsohon da amosani ya kama gadon bayansa, ƙasusuwan sun yi tsiro, sai na'ura ta ƙirga tsiron a matsayin ƙashi, maki ya fito da kyau alhali ba haka ba ne. Ƙashin da ya riga ya lotsa ma yakan fito kamar mai kauri. Shi ya sa ake dogara da kwatangwalo a wurin tsofaffi. Sannan ma'aunin da ake kwatanta mu da shi an samo shi ne daga matan Turawa na Amurka 'yan shekara 20 zuwa 29. A ganina aiki ne a kan jami'o'inmu su auna mutanenmu, su bi su shekara da shekaru, mu san abin da kowane maki yake nufi a jikinmu. Haka nan na'urar tana faɗin ƙashi ya ragu, ba ta faɗin dalili. Ƙarancin bitamin D yana sa ƙashi ya yi laushi, kuma maganinsa daban. Ciwon ƙoda, yawan aikin tayirod, har sankarar ɓargo, duk suna iya fitowa da maki maras kyau. Don haka duk wanda makinsa ya faɗi, a yi masa gwajin jini kafin a ɗora shi a kan magani. Wata ƙaramar na'ura kuma da ake yawo da ita ana sa diddige a ciki, tana iya nuna wanda ya kamata a tura gaba, amma ba a yanke hukunci da ita, balle a sayar wa mutum magani a kan sakamakonta.

Su wa ya kamata su je? Mace mai shekara 65, namiji mai 70, ko da ba sa jin komai. Wanda ya haura 50 ya yi irin karayar da na fara da ita. Wadda al'ada ta ɗauke mata kafin 45, ko aka cire mata ƙwan mahaifa. Siririn mutum ƙwarai, mai shan taba, mai sikila, mai shan maganin farfaɗiya shekara da shekaru, mai shan tenofobir don cuta mai karya garkuwar jiki, masu jinyar sankarar mama ko ta mafitsara da magungunan da ke danne sinadaran jiki. Waɗannan kada su bar maganinsu, su dai tuna wa likita da maganar ƙashi. Allurar tazarar haihuwa ta Depo-Provera tana rage ƙashi kaɗan, amma yawanci yana dawowa in an daina. Shayarwa ma haka, ƙashin uwa yakan ragu, ya dawo bayan yaye, don haka mai goyo kada ta tsorata.

Akwai rukuni ɗaya da ya fi damuna, kuma zan faɗi maganar ba ɓoye-ɓoye. Magungunan sitiroyid, irin su firednisolon da deksametason, su ne kan gaba a magungunan da ke cin ƙashi. Wanda ya sha miligiram 5 na firednisolon kullum har wata 3 ya shiga haɗari, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Deksametason kuwa miligiram 0.75 kacal daidai yake da wancan 5 ɗin. Mai asma ko mai ciwon ƙoda da likita ya rubuta masa, yana sha ne bisa lalura ana lura da shi. Amma a garuruwanmu 'yan mata da matan aure suna sayen ƙwayar nan a kemis don su yi ƙiba, amarya ta ciko kafin biki. Kumatun da ke fitowa da cikin da ke tasowa ba lafiya ba ce, alamar maganin ya yi yawa ce, cinyoyi kuma suna ramewa a ƙarƙashi. Yarinya 'yar shekara 19, lokacin da ya kamata ƙashinta ya cika, tana rage shi da hannunta, kuma abin da ba a tara a shekarun nan ba da wuya a tara shi daga baya. Tsofaffi kuma ana ƙulla musu haɗin ƙwayoyi a leda don ciwon gwiwa, da sitiroyid a ciki. Zafi ya lafa, su yi ta komawa, ƙashi yana tafiya. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma shafa shi a duk jiki shekara da shekaru yana kai shi cikin jini. Iyaye mata, ku duba abin da ke cikin jakar 'ya'yanku. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, yin haka yana iya kayar da ita. Ta je asibiti a rage mata sannu a hankali.

Idan an tabbatar da ciwon, akwai magani, kuma yana aiki. Alendironet, wanda aka fara amfani da shi a 1995, ana shan ƙwaya ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cikakke, a zauna ko a tsaya ba kwanciya har rabin awa, don kada ya ƙona maƙogwaro. Yana rage karayar ƙashin baya da wajen rabi. Akwai zoledironet da ake sawa ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, akwai allurar denosumab duk wata 6, wadda ba a tsallake lokacinta. A ga likitan haƙori kafin a fara. Sake awo kuwa ba a gaggawarsa, yawanci sai bayan shekara 2, kuma a kan na'urar da aka yi na farko, don na'urori ba sa ba da lamba ɗaya.

Maganin ba zai yi gini ba sai da kayan gini. Baligi yana bukatar wajen miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, abincinmu kuwa ya dogara da hatsi, wanda kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. A Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bincika yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, suka wallafa a 1999 cewa abin da yaran ke samu bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Daga baya ma sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, ya yi aiki. Abin yana kusa da mu: nono da kindirmo, wanda kofi ɗaya ke ba da wajen miligiram 300, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da tamba, wadda ta fi sauran hatsinmu kalsiyam. Matan da ba sa fita, su riƙa shan hantsi a tsakar gida. Kuma ƙashi yana son a taka shi. 'Yan sama jannati, da yake babu nauyi a kansu, suna rasa kashi 1 ko fiye cikin 100 na ƙashin kwatangwalo kowane wata. Mu da muke cewa tsohuwa ta zauna ta huta, kada ta taɓa komai, da kyakkyawar niyya muke yi, amma tafiyar nan zuwa maƙwabta da masallaci tana cikin maganinta. Abin da za mu yi mata shi ne mu sa fitila a hanyar makewayi, mu gyara wurin alwala ya daina santsi, mu kai ta a cire yanar ido, mu ba ta sanda ba tare da ta ji kunya ba.

Na'urar DXA ba ta da yawa a ƙasashenmu, inda take ma a manyan birane ne, kuma kuɗin ba kowa ke iyawa ba. Wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce. Wanda ya karye a kwatangwalo ko a gadon baya saboda 'yar faɗuwa, karayar ta isa shaida, ana iya fara masa magani ko ba a yi awo ba. Lissafin FRAX yana yiwuwa ba tare da makin na'ura ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya tsayar da dattijo ya jingina da bango, in ƙeyarsa ta kasa taɓa bangon, ko tsayinsa ya ragu da santimita 4 daga na ƙuruciya, sai a tura shi hoton gadon baya ta gefe, wanda manyan asibitocin gwamnati ke yi.

Ga masu ɗori da ke cikinmu, ku ne jama'a ke fara zuwa wurinku, kuma kun gaji sana'ar. Ina roƙonku abu biyu. Tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarce ta juya waje, wannan kwatangwalo ne, yana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa. Ku tura shi asibitin da ake tiyata a ranar, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa. Wanda kuka ɗora wa hannu kuma, in ya haura 50, ku ce masa ya je a duba dalilin karayar, domin wanda ya karye sau ɗaya haɗarinsa na sake karyewa ya kusan ninka, musamman a shekaru 2 na farko.

Ga shugabannin asibitoci kuma, a birnin Glasgow na Sikotilan an fara wani tsari a 1999 wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Ma'aikaciyar jinya ce ake ware wa aikin bin duk wanda ya haura 50 ya zo da karaya. Ta yi masa tambayoyi, ta tura shi awo in akwai, ta tabbatar an yi gwajin jini an fara magani, ta kira shi bayan 'yan watanni ta ji ko yana sha. Wannan ba ya bukatar sabon gini. Ma'aikaciya ɗaya, rajista ɗaya da layin waya sun isa a fara, kuma ina roƙon a fara da ɗakin da ake ɗaura filasta, don ta nan masu karayar farko ke wucewa.